Tabon Allurar Yaya Lawal

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Lawal makwancinsa a Kongolam. Motar gero ce ta kife da shi a hanyar Zango, yana saman kaya a matsayin ɗan dako. Masu zuwa gaisuwa suka ce haɗari ne. Ni na san abin da ya ɗora shi kan motar nan, kuma da hannuna a ciki.

Lawal ne ɗan farin Innarmu. Da cikinsa ya tsufa, sai ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda aka saba, wani ƙauye a tsallaken iyaka cikin Nijar, tafiyar awa guda a ƙafa. Can ta haihu, can aka yi wa jariri allurar rigakafi. Su a ƙasan gwiwar hannu suke yi, mu kuwa kusa da kafaɗa. Ni a gida aka haife ni.

Shekarar da wata hukumar gwamnati mai kaki ta buɗe ɗaukar ma'aikata, tare muka cike fom. Shi ya koya mini lissafi, ya kuma fi ni maki a jarrabawa. Ranar tantancewa aka jera mu a wani fili a Daura. Aka auna tsayi da faɗin ƙirji, aka duba masu gwame, aka sa mu gudu. Duk ya wuce. Sai wani jami'i ya ce kowa ya naɗe hannun riga. Ya zo kan Lawal ya tsaya.

"Kai, fito. Ɗan Nijar ne wannan."

"Yallaɓai, ga takardar ƙaramar hukuma, ga sa hannun hakimi. Kakana ma a Kongolam aka binne shi."

"Takarda? Ko ni sai in buga maka goma. Akwai wanda ya san shi a layin nan?"

Ina bayansa da mutum uku. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Zuciyata ta ce in ka yi magana, haɗa ku za a yi a kora. Na sunkuyar da kai. Ya waiwayo sau ɗaya, bai kira sunana ba, ya kwashi takardunsa ya fita. Aka ɗauke ni.

Ya sake gwadawa sau biyu, tabon ya sake tsayar da shi, har shekarunsa suka wuce ƙa'ida. Ya sayar da fetur a kwalba, jarin ya karye, ya koma dako. Duk tsawon lokacin nan bai taɓa tayar mini da zancen ba. Da ma ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Yanzu an ce an ci gaba. Fom a waya, jarrabawa a kwamfuta, ga ɗaukar hoton yatsu. Da yana raye na san dariya zai yi, ya ce to ai na'ura ba ta naɗe hannun riga. Sai dai ni na zauna a teburin tantancewa ba sau ɗaya ba. In na'ura ta gama nata, ƙarshenta dai mutum ne zai tsaya a rana, a gajiye, ya dube ka ya yanke. Na bincika ƙa'idojinmu ciki da waje, ban ga inda aka rubuta maganar tabo ba. Wani ne ya koya wa wani, aka yi ta bi, ana sallamar 'ya'yan mutane.

Me ya rage na Lawal? Babu fansho, babu hoto da kaki. Sai 'yarsa Hauwa'u, wadda ta gama difloma bana. Kwanan baya tana cike fom ɗin aiki a wayata, ta ɗago kai.

"Baffa, an ce Baba ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Me ya hana shi aikin gwamnati?"

Na ce mata Allah ne bai nufa ba. Ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

Hauwa'u, na san kina karanta jaridar nan da na aiko wa wannan rubutu. An tambaya ko akwai wanda ya san babanki, ina tsaye a wurin, na yi shiru. Shi na makara wajen neman gafararsa. Saura ke.