Akwatin da Rhoda Ta Sayo a Gwanjo

Shekara goma sha ɗaya Baba Kambai ya yi yana goge tsofaffin kayan yaƙi a wani ƙaramin gidan tarihi a Manchester. Da hukumar birnin ta tsuke bakin aljihu a 2012 aka sallame shi, ya koma Erdington wurin 'yarsa Rhoda.

Wata Asabar ya tarar da ita a falo riƙe da guduma, za ta fasa kwaɗon wani akwatin ƙarfe.

"A gwanjo na saya, Baba. Irin wanda Kaka take ajiye zannuwa ne. Ƙarti biyu suka shigo min da shi."

"Ƙarti biyu?" Ya durƙusa, ya murje tsatsar da yatsa, rubutu ya fito: 6 PR, 1943. "Rhoda, ajiye gudumar nan a hankali. Na harsasan fasa tankar yaƙi ne. Na kakarki fanko ya zo daga yaƙin Burma, da hannu ɗaya take jan sa."

"Ƙila littattafai ne a ciki."

"Ƙila. Je ki fitar da maƙwabta."

Manyan harsasai huɗu sojojin da aka kira suka zaro daga ciki. Har yau a jakar leda Rhoda take ajiye zannuwanta.