Ɗan Akushi da Hannun Kakana

Jiya da la'asar ina tankaɗen garin tuwo sai na ji wata ƙara daga wayar da ke hannun autana: ƙwal! ƙwal! kamar ana jifan kwanon sha da tsakuwa. Na ajiye rariya na leƙa. Wani ɗan mutum ne yake ta tsalle a kan katanga, yana harbin wata 'yar halitta da ta ɓuya a ƙarƙashin murfi, harbin yana dawowa. Na ce masa, "Kai, murfi kake harbi. Jira ya leƙo." Yaron ya ɗago ya dube ni baki buɗe. Bai san uwarsa ta san wannan abokin gaba tun kafin a yi zancen aurenta ba. Kuma maganar da na faɗa masa ba tawa ba ce, ta kakana ce.

A Kazaure na tashi, a gidan kakanmu na wajen uba, can ɓangaren da in ka fito ƙofar gida duwatsu ne za su fara gaishe ka. Tsohon malamin gona ne, dogo, mai tsafta har ta yi yawa. Farar riga yake sawa kullum, kuma in ka ga ɗigon wani abu a jikinta, to ba a jikinsa take ba, tana igiyar shanya. Kaka muke ce masa. Ni kuwa amarya yake kirana, ina ce masa tsohon miji, irin wasan nan na jika da kaka. A duk gidan ni kaɗai ce nake iya mayar masa da magana in kwana lafiya.

Abin da ya fi so a duniya, bayan salla, shi ne ciyayya. Da an idar da magariba za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, kowane magidanci a layin a fito masa da tuwonsa, a haɗa a ci tare. Akushin Kaka baƙi ne wuluk, ya sha hannu har yana ƙyalli. A damansa kullum amininsa ne yake zama, wani Babarbare mai sayar da yadi a kasuwa. Da yake mu asalinmu Fulani ne, ka san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: ba a gama cin tuwon nan sai sun yi wa juna tatas, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

To, wata shekara da kaka, an gama ɗaure gero ke nan, ya faɗi a wajen alwala. Shanyewar ɓarin jiki, ta dama. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi. Ƙafar ta ɗan saki, yana jan ta da sanda. Bakin ma ya dawo daidai. Hannun ne ya ƙi. Yana nan a kan cinyarsa, yatsu a dunƙule, sai ka ce na aro.

Kar ka ce ai yana da na hagu. Dattijo irinsa ya sa hannun hagu a akushin da mutane ke ci? Ko a ba shi a baki a gaban tsaransa? Ya ce sam. Daga ranar ya daina fita. Inna, wato kakarmu, ita take rufe ƙofa ta ba shi abinci da cokali, ko mu ba ma gani. A asibiti sun ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya cilla ta ƙarƙashin gado ya ce shi ba yaro ba ne. Kullum bayan magariba Babarbaren nan zai tsaya a zaure ya ɗaga murya: "A gaya wa bawana wurinsa na nan, ban bari kowa ya zauna ba!" Kaka zai juya fuskarsa bango. Ina ƙarama, amma na gane mutumin nan ƙarewa yake yi, kuma ba ciwon ne yake cinsa ba, rashin fitar ce.

Babanmu ya sayo talabijin ya sa masa a ɗaki don ya ɗebe kewa. Ko kallonta bai yi ba. Sai da bazara, zafi na dukan mutum ko a inuwa, baffanmu da ke fatauci ta Babura zuwa Nijar ya zo mana da tsaraba: gem, irin wanda ake cusa wa kaset ta sama, da rimot ɗinsa mai igiya. Talabijin ɗaya ce a gidan. Ka ga dole a ɗakin Kaka za a haɗa. Muka zaci zai kore mu. Bai kore mu ba, wataƙila don ko korar ma ta daina ba shi sha'awa.

Wasan na wani ɗan mutum ne mai harbi, yana tafiya yana tsallake ramuka yana hawa katangu. A ƙarshen kowane mataki akwai babban dodo, amma ni ban taɓa ganinsa da hannuna ba, sai in yayana ne ke bugawa. Abin da ya hana ni sakat wani ɗan ƙaramin abu ne da ke ko'ina a hanya, kamar kaji a tsakar gida. Murfi ne kawai a kife, da 'yan ƙafafu. Ɗan Akushi muka sa masa. In ka harbe shi yana kife, sai ka ji ƙwal, harbin ya tashi a banza. In ka matso, sai ya ɗaga murfin kaɗan, idanu biyu su bayyana, ya tofo maka wuta, ya koma. Yayana wuce su yake yi yana hira. Ni kuwa na farkon ma ya ishe ni. Nakan danne madannin harbi da duk ƙarfina, ƙwal ƙwal ƙwal, har ya leƙo ya gama da ni.

Sai na koma yin wasan ni kaɗai, in maza sun tafi ƙwallo kuma aka yi sa'a akwai wuta. Rannan ina cikin ƙwal-ƙwal ɗina sai na ji muryar Kaka daga gado, fuskarsa tana bango.

"Ke amarya, kin cika mini kunne. Murfi kike harbi. Jira ya leƙo."

Ashe duk kwanakin nan da kunne yake bin wasan. Haushi ya kama ni. Na ce, "Tsohon miji, baki ai kowa na da shi. In ka iya, taso ka yi."

Wallahi ya taso. Ya zauna a bakin gado ya miƙo hannun hagu. Na ce a'a, madannin harbi a dama yake, hagu ta tafiya ce. Ba dabara na yi ba, haka abin yake, kuma ba na son a ƙwace mini duka. Muka raba: ni na riƙe ɓangaren tafiya, na ɗauko hannun nan nasa mai nauyi na ɗora babban yatsan a kan jan madanni. Hannun da sanyi, na tuna. Na matsa da ɗan mutumin. Ɗan Akushi ya leƙo. Idon Kaka ya gani sarai, har ya ce "Yanzu!" amma yatsan bai motsa ba. Aka kashe mu. Muka sake, aka kashe mu. Ya yi wani dogon tsaki, ya janye hannunsa da ɗayan, ya kwanta. Ina naɗe igiya ya ce, "Gobe ki dawo. Ɗan banzan nan ba zai raina ni ba."

Haka muka yi bazarar nan. Da farko da dukan hannun yake dannawa, yana taimaka masa da kafaɗa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Daga baya yatsan ya fara motsi shi kaɗai, amma a makare, sai abin ya koma cikin murfinsa sannan harbin zai fita. Ƙwal. In aka ɗauke wuta ba ya sakin rimot ɗin, sai ya ci gaba da dannawa talabijin na kashe, yana cewa da kansa, "Ya leƙo. Ya koma. Ya leƙo." Inna takan shafa masa man shanu a yatsun tana mita, wai tsufa ya zo da sabon salo. Amma na ga ta daina rufe ƙofa da ƙarfi.

Ranar da ya same shi, gab da magariba ne. Abin ya ɗaga murfi, yatsan ya sauka a kan lokaci, sai ga Ɗan Akushi ya tarwatse. Kaka ya ƙwala ihun da rabon gidan da jin irinsa tun kafin ya faɗi: "Na same shi! Na same shi, ja'iri!" Babarbaren na zaure a lokacin. Bai jira izini ba, ya yi sallama ya kutso har ɗaki, ya tsaya yana duban mu, yana duban talabijin.

"Ikon Allah," in ji shi. "Mu muna waje muna yi maka addu'a, ashe kana nan kana yaƙi da kwanuka."

Kaka ya yi maza ya ja bargo ya rufe hannun. A nan ne bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Kaka, shi Ɗan Akushi ko ba komai yana leƙowa. Kai fa?"

Babarbaren ya sunkuyar da kai ya fita. Da daddare babarmu ta murɗe mini kunne har na ga taurari, ta ce wasan jika ma yana da iyaka. Kaka kuwa ya daina kirana amarya, ya daina kirana ma gaba ɗaya. Aka mayar da gem ɗin cikin kwali. Na yi kuka sosai, don na ɗauka na ɓata abin da muka yi wata da watanni muna haɗawa.

Bayan 'yan kwanaki na zo wucewa ta tagarsa da rana, na hango shi shi kaɗai da akushi a gabansa. Ya sa Inna ta zuba masa tuwo ta fita. Yana ƙoƙarin yanko loma da hannun dama, tana suɓucewa, yana sakewa. Na lallaɓa na wuce, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa na ta ƙamshi, fara da 'yan ƙwari sun cika fitila, aka idar da magariba sai na ji, "Amarya! Ɗauko akushina." Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki sanda. Na bi shi da akushin a ka. Na ajiye a tabarma na koma zaure na laɓe ina leƙe, don mace ba ta zama a wurin.

Wurinsa na nan kuwa, kamar yadda aka yi ta faɗa. Ya zauna da ƙyar. Babu wanda ya yi masa barka, babu wanda ya ce sannu da jiki. Hirar taki da irin shuka suke yi, suka ci gaba da abarsu. Aka yi bisimilla. Ya miƙa hannun, yana karkarwa, ya yanko loma, ta faɗa cikin miya. Duk dattawan nan kowa ya sami abin kallo a wani wuri, wani sama, wani tafin ƙafarsa. Babarbaren ya tura akushin kusa da shi da gwiwa, bakinsa bai daina zancen taki ba. Loma ta biyu ta kai baki. Miyar kuka ta zubo a gaban farar rigar, tun daga wuya har ciki. Sai a lokacin Babarbaren ya juyo ya ce, "Kai Bafulatani, a hankali mana. Wata nawa ba ka kawo ko ƙwaya ba, ka zo za ka cinye mana nama." Kaka ya ce, "Bawa ba ya ƙorafi in ubangidansa na ci." Aka kwashe da dariya, ni kuma ina zaure ina share hawaye da gefen zanena.

Da ya shigo na tare shi na ce, "Tsohon miji, ka ɓata rigarka." Ya duba gaban rigar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Na ɓata ta. Amma a waje na ɓata ta."

Hannun bai taɓa komawa kamar da ba. Bai ƙara rubutu da shi ba, kuma har ya rasu rigunansa ba su rabu da tabon miya ba. Gem ɗin ma bai sake taɓawa ba, ko matakin farko bai taɓa ƙetarewa ba. Amma bai ƙara fashin ciyayya ba sai ranar da aka fita da shi.

Autana ya ce mini jiya waɗannan masu murfin ai ba komai ba ne, ƙanana ne, wuce su kawai ake yi a je wurin babban. Na ce to. Yanzu kowane yaro da wayarsa a ƙuryarsa, ba mai buƙatar ya shiga ɗakin wani tsoho don ya yi wasa, ba kuma rimot ɗin da mutum biyu za su raba. Layinmu na Kazaure duk an ja katanga an sa ƙyauren ƙarfe, an daina shimfiɗa tabarma bayan magariba. Akushin Kaka yana wurin babanmu, wanda yanzu ya kai shekarun da Kaka ya faɗi. Hannayensa biyu lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Shi kaɗai yake cin tuwonsa a falo, don ko ya fita da akushin babu wanda zai tarar.