Gilashin da Bai Dawo Baho Ba

Akwai ranar Alhamis ɗin da ba ta fita raina, a shekarar da ta gabaci yaƙi. Lokacin ina farrasha, wato mai shara da wanke-wanke, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Omdurman, nan ƙasar Sudan. Daga Kalakla nake fitowa kullum, in sauya mota a Suk al-Arabi. Ban yi makaranta ba. Lamba kawai na sani, sai aikina.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Idan an ɗebi jinin mutum, ana fara auna ƙarfinsa, abin da suke kira himogulobin. Sannan a ɗiga ɗigo ɗaya a kan siririn gilashi, a ja shi da bakin wani gilashin ya shimfiɗu, a bar shi ya bushe, a zuba masa rini. Mai gwaji ta sa shi a madubin ƙara girma ta duba ƙwayoyin, jajaye da farare. Daga siffarsu ake gane sikila, ko ƙarancin jini, ko abin da ya fi su muni.

Gilashi yana da wuya a wurinmu, ba a zubarwa. Idan an gama dubawa sai a jefo shi bahona, in jiƙa, in wanke, in goge, a sake aiki da shi. Amma ba duka ke dawowa ba. Akwai ƙaramin akwatin katako a kan kantar ɗakin. Wanda Ustaza Ikhlas, babbar mai gwajinmu, ta sa a ciki, ba ya zuwa baho. Na daɗe ina lura da masu waɗannan gilasan. Ana kiran danginsu gefe, a yi magana ƙasa-ƙasa, a ambaci sankarar jini. Yawancinsu ban sake ganinsu ba. Ban taɓa tambayar kowa game da akwatin ba. Ko ƙurarsa da gefen tsumma nake sharewa.

Nafisa ita kaɗai ta rage mini cikin 'ya'yan da na haifa. Ta haihu ba da daɗewa ba, tana shayarwa. Sai ta fara fari kamar an wanke ta. Harshenta ya yi ja, ko kisra, gurasarmu mai laushi, ba ta iya haɗiya. Idan ta ɗauki jaririya daga gado zuwa tsakar gida sai ta zauna tana haki. Maƙwabta suka ce jego ne. Na ce ta shirya mu tafi.

A mota take ce mini, "Yumma, ke komai sai kin kai shi wurin gilasanki."

Na ce, "Rufe baki ki riƙe 'yarki."

Himogulobin ɗinta ya fito biyar. Mace lafiyayya tana kai sha biyu. Nan take aka ba ta gado, aka ce za a ƙara mata jini. Ustaza Ikhlas ta ce a dakata ta ɗebi nata tukuna, domin idan jinin wani ya gauraya da shi, gilashi ba zai faɗi gaskiya ba. Da hannunta ta shimfiɗa. Ina tsaye ta rubuta lamba a gefe, goma sha huɗu.

Na koma bakin bahona. Gilasai suka riƙa faɗowa. Sha biyu ya zo, sha uku ya zo. Sai sha biyar.

Na juya. Ustaza tana kan madubi, ta daɗe ba ta ɗago ba. Mace ce mai surutu, tana duba jini tana ba da labarin surukarta, amma ranar ba ta ce uffan ba. Ta zare gilashin, ta goge man da ake ɗiga masa don dubawa, ta buɗe akwatin ta saka.

Na binne miji, na binne 'ya'ya, ban faɗi a gaban mutane ba. Ranar sai da na dafa bakin baho.

Na ce, "Ustaza, me kika gani?"

Ta ce, "Hajja, sai Duktur Usman ya duba. Ranar Lahadi zai shigo."

"Ni za ki faɗa wa haka?"

"Ke ma kin san ƙa'ida. Farare sun yi ƙasa, masu tsayar da jini ma sun yi ƙasa. Ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. An tura wani jinin a auna, mu jira."

Duktur Usman shi ne babban likitan jini, yana zagaya asibitoci. Juma'a da Asabar na yi su a gefen gadon Nafisa. Jinin da aka ƙara mata ya ɗan dawo da launinta, har tana tsokanata wai na tsufa da tsoro. Ni kuwa ina kallon jaririyar ina lissafin wa zai shayar da ita. Mijinta ya tambaye ni, na ce ban sani ba. Ban gaya wa kowa zancen akwati ba.

Ranar Lahadi na riga kowa zuwa. Duktur ya shigo, ya zauna, Ustaza ta miƙa masa sha huɗu. Ya duba, ya murɗa, ya sake dubawa, ya karanta sakamakon da aka kawo. Sai ya ce a kira masa ɗalibai. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Ustaza ta raɗa masa wani abu. Ya ɗago.

"Hajja, 'yarki ce? Zo ki gani."

Ban taɓa sa ido a madubin nan ba sai ranar. Na ga jajayen abubuwa manya kamar ƙwai, da wata guda mai ƙulli-ƙulli a ciki kamar tasbaha.

Ya ce, "Ba sankara ba ce. Ciki da shayarwa sun cinye mata wani sinadari da ake samu a ganye da hanta, shi ya sa ɓargo yake fitar da ƙwayoyi manya marasa ƙarfi. Yana kama da mugun ciwon, har ya ruɗi mutum. Magani ne da abinci. Za ta tashi, in sha Allah."

Na ce, "To, ku ba ni gilashin in wanke."

Ya yi dariya. "Haram, Hajja! Wannan kyakkyawa? Da shi zan koyar da yaran nan."

Na nuna akwatin. "Ba na masu mutuwa ba ne?"

Ustaza ta dafa ƙirji. "Wa ya gaya miki? Na abin da ake son a sake gani ne. Akwai mai muni, akwai mai sauƙi. Ya Allah, da wannan kika kwana tun Alhamis?"

Na fita bayan ɗaki na zauna a ƙasa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ga abin da na ɗauka. Mai jira a bakin ƙofa yana karanta komai, shirunku da hannunku da inda kuka ajiye gilashi, kuma abu mafi muni yake karantowa. Kada ku faɗi abin da ba ku tabbatar ba, Ustaza ta yi daidai. Amma ku gaya masa abin da ake jira, ku kuma gaya masa akwai cutar da ke kama da ajali alhali tana jin magani.

Yaƙi ya watsa mu, ban san inda akwatin yake ba yanzu. Sha huɗu bai taɓa dawowa bahona ba. Nafisa ce ta dawo gida, ga ta can tana yi wa 'yarta kitso.