Larabar da Yaya Habu Ya Ɗauke Buhunan Mahaifinsa

Wata Laraba a tsakiyar rani, shekarar da nake aji biyar na firamare, na kai wa Baba fura gonarmu ta ƙarshen kanal ɗin ruwan noman rani a wajen Bunkure. Na tarar da shi tsaye riƙe da fartanya, ko kallon ƙwaryar bai yi ba. Laraba ce ranar ruwanmu, amma magudanar ta bushe har ta tsattsage. Tumatirin da muka dasa kwana huɗu da suka wuce duk ya langaɓe ya kwanta. In ruwa bai iso kafin la'asar ba, noman shekarar ya tafi.

Kowa ya san dalili. Baffa Sani, yayan Baba, wanda gonarsa ke sama da tamu, ya jera buhunan yashi ya karkatar da ruwan cikin alkamarsa. A gidanmu kuwa ƙani ba ya ɗaga ido ya ce wa yayansa bai kyauta ba. Maƙwabtanmu na ƙarshen layi ba su da wannan kunyar. Su biyar suka nufi wurin da shebur a kafaɗa, na bi bayansu.

Can muka sami Yaya Habu, ɗan Baffa, da ya zo hutu daga jami'a. A lokacin, duk jarumin da na karanta a littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a jakar makaranta, fuskarsa nake ba shi. Ya durƙusa gaban mahaifinsa cikin farin yadinsa.

"Baba, yau Laraba ce."

"To, ɗan boko, kai za ka koya min ƙirgan kwanaki? Ka taɓa buhu ɗaya, kada ka sake kwana a gidana."

Masu shebur suka tsaya cak. Yaya Habu ya cire takalmi, ya shiga ruwan har gwiwa, ya ɗauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefe a tsanake. Ya dawo ya sake durƙusawa yana ɗiga, ya ce, "A yafe min, Baba." Na kwasa da gudu ina tsere da ruwan har gonarmu.

A zaurenmu ya ƙarasa hutun. Ni ke kai masa tuwo, na tsaya ina gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi. Baffa bai sake yi masa magana ba sai ranar da Baba ya aika wa Baffan kwandon tumatir na farko.

Yanzu shi ne shugaban wata jami'ar gwamnati. Kwanaki na ji a rediyo ruwa ya yi musu ƙaranci, ya sa a riƙa raba shi kwana-kwana tsakanin ɗakunan ɗalibai da gidajen manyan ma'aikata, har da nasa, manya kuma sai guna-guni suke. Na kashe rediyon ina murmushi. Ya auri 'yar birni, ni ina nan ƙarshen kanal. Amma duk Larabar da ruwa ya iso gonarmu, farin yadin nan nake gani, laka har gwiwa.