Madarar da Malam Bai Sha Ba

Ki rubuta yadda na faɗa, 'yata, kar ki gyara mini magana. Ban iya biro ba, amma na san abin da ya faru a ɗakina.

Mahaifinki ɗan gidan masaƙa ne a gindin Dala. Da aka buɗe kamfanin saƙa a bayan gari, sai ya ajiye ƙoshiyar saƙa a zaure ya tafi can. Shekara da shekaru yana fita a kan keke bayan sallar asuba, ya dawo da la'asar, auduga a gemu, a gira, har cikin kunne. Nakan ce, "Malam, yau ma a hanya ka yi furfura?" Shi kuma ya ce, "Me kika ce?" Ƙarar inji ta riga ta cinye masa kunne ɗaya.

A ɗakin da inji ke shiɓar auduga aka sa shi. Ya ce ƙurar wurin takan hana mutum gane na kusa da shi. Saboda haka kullum ake ba kowannensu gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Kowa ya yarda, ni ma na yarda.

Malam bai taɓa shan tasa ba. Lokacin an yaye ki, kin rame, ba abin da ke zama a cikinki sai koko da madara. Zai zaro gwangwanin daga aljihu ya ajiye mini a bakin murhu. Sau ɗaya tak na ce ya sha abinsa. Ya ce, "Ƙirjina na ƙato ne, ki ba ta." Ban sake magana ba, don na ji daɗi. Da kika warware, ƙannenki suka gada.

Tari ya fara a hankali, har ya zama ba ya iya kai Fatiha ƙarshe da numfashi ɗaya. Ana cikin haka wata safiya ya dawo kafin hantsi, yana tura keken. Sun tarar da kwaɗo a ƙofar kamfani. Aiki ya ƙare, tari bai ƙare ba.

Ƙanensa ya raka shi wurin manajan da aka bari yana tattara kaya, ko za a kai shi asibiti. Manajan ya ce, "Baba, kana shan madarar da muke ba ku?" Malam ba ya ƙarya, ya faɗa masa gaskiya. Mutumin ya ce, "To ka gani. Mun ba ku magani, kun kai wa mata."

Wannan maganar ta riga su isowa gida. Da ya rasu, ina cikin takaba, yayarsa ta zauna a tabarmata, gaban masu gaisuwa, ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma an shanye masa magani a gidan nan." Na ɗauki maganarta gaskiya. Hannuna ne ya huda kowane gwangwani. Tun daga ranar ban sake sa madara a bakina ba, kuma ban gaya miki dalili ba, don kar ki ɗauki rabin kayan.

Bara, da kika kai ni asibiti kan hawan jini, kin fita karɓo magani, na tambayi likitar maganar madarar. Ta fara murmushi, da ta ga fuskata ta bari. Ta ce, "Mama, madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu. Ba su haɗa hanya ba. Ko tulu guda yake sha kullum, ba abin da za ta wanke. Abin rufe hanci suke bukata, da injin zuƙe ƙura." Na ce masu kamfanin sun san haka? Ta ce wanda ya san yadda ake kafa inji, da wuya a ce bai sani ba.

Ashe sun sani. Sun ga mutane suna tofar da auduga, suka miƙa musu gwangwani. Da ƙirjin ya ruɓe, suka ɗora wa mara lafiya laifi, danginsa suka sauke a kaina, na ɗauka ina neman gafarar Allah kan kokon da na dama wa 'ya'yana.

Na hau adaidaita ni kaɗai na je inda kamfanin yake. Yanzu ɗakin ajiyar atamfar waje ne. Maigadi ya ce, "Hajiya, wa kike nema?" Na tsaya da bakina cike da magana, babu wanda zan faɗa wa. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata. Waɗannan ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

Share hawayenki, kina jiƙa takardar. Ba ki sha ran ubanki ba, madara kika sha, kuma shi ya ba ki. Yayarsa tana nan da rai a Jakara. Gobe bayan azahar za ki raka ni, ki karanta mata wannan daga farko. Ki ɗaga murya, ita ma kunnenta ya yi nauyi.