Kunnen Mai Guduma

Matso kusa, ja kujera ka zauna. Shayinka ba zai huce ba kafin in gama, in ma ya huce sai a sake ɗora wani. Labarin wani tsoho zan ba ka, wanda duk unguwa ke kira Mai Guduma, ko da yake rabonsa da riƙe guduma yau shekara goma sha ɗaya ke nan.

A tashar jirgin ƙasa ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Idan jirgi ya tsaya, fasinjoji na ta rububin sauka da hawa, shi kuwa sai ya bi gefen taragai da guduma mai doguwar ƙota, yana ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da dogon amo, tiiin, kamar ƙararrawa. Wadda ta tsage ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, sai ta ce kwaf, ta yi shiru. Nan zai zaro alli daga bayan kunne ya yi mata alama, a cire taragon, ko da kuwa jirgi zai makara. Direbobi sun yi masa tsawa, shugabannin tasha sun lallashe shi, duk a banza. In ƙarar wani jirgi ta danne amon, sai ya tsaya ya sake bugawa. Ƙafar da bai ji da kunnensa ba, ba ya cewa lafiyarta ƙalau. Haka ya yi shekara talatin da huɗu, har abokan aiki na cewa ko tururuwa ta yi tari a ƙarƙashin dogo, Mai Guduma zai ji.

To, ka san jiki ba ya shawara da mai shi. Shekara biyu da suka wuce kunnen nan ya fara janyewa. Rediyonsa ya koma sai maƙwabta sun sha labarai tare da shi. In an yi masa magana sai ya ce, “To,” ya gyaɗa kai. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta gane tun da wuri, ta ja bakinta. Auta, ƙaramar ’yarsu mai koyarwa a makarantar firamare, ita ce ba ta iya shiru ba.

“Baba, mu je a duba kunnen nan.”

“Kunnena? Ku ne dai kuke magana kamar masu tauna auduga. Ku buɗe baki mana!”

Duk abin da duniya ta san shi da shi kunne ne. Yana ganin ranar da ya ce ba ya ji, ranar ya zama tsoho kawai, mai jiran abinci.

Wata Asabar Auta ta shirya fita. An buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa a wata tsohuwar rumfar gyaran taragai, ta ce sai ’ya’yanta sun ga inda kakansu ya ci gumi. Mijinta ya ja mota, ita da Inna da jikoki biyu mata suka cika baya, tsohon na gaba da rigarsa da ya goge da kansa tun da safe.

Suna shiga warin tsohon mai da ƙarfe ya tarbe shi, ya ji kamar ya komo gida. Sai dai gidan an share shi fiye da kima. An shafe daɓe da fenti, an kewaye kawunan jirage da jar igiya. A cikin akwatunan gilashi ga hulunan ma’aikata, ga usur, ga abin huda tikiti, ga fitilar hannu mai ja da kore, irin wadda ya sha ɗauka. Ya daɗe tsaye a kanta. Ganin kayan aikinka a bayan gilashi, kamar ka je gaisuwar rasuwa ne ka tarar kai ake yabo.

Wata budurwa mai kati rataye a wuya ita ke zagayawa da baƙi. Ta kai su gaban wani baƙin kan jirgi, ta nuna guduma a jikin bango, tana bayani. Babbar jikar ta daka tsalle.

“Irin ta Kaka ce! Ga shi nan, shi ne mai buga ƙafar jirgi! Tsoho, fito a gan ka, yau kai ma kayan tarihi ne.”

“Ja’ira,” in ji shi, don wannan karon a kunnensa ta faɗa.

Budurwar ta yi murna kamar ta tsinci zinariya. Ta ce tun da ta kama aiki take ba da labarin masu guduma, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Ta ruga ta nemo izini, ta sauko da gudumar, ta ɗage igiya. Kafin ka ce kwabo mutum kusan ashirin sun taru, wayoyi a sama.

Hannu bai manta ba. Ya gyara tsayuwa, ya karkata kai, ya saki gudumar a gefen ƙafa ta farko. Ƙota ta yi rawa a tafinsa. Amma amon, wayyo, kamar ana buga ƙofa a gida na biyar. Ya matsa ta biyu, ya buga. Haka. Ta uku, haka. Duk sun zama abu guda, wani gunji mai nisa marar kai marar gindi.

Ya ɗago ya ga leɓen budurwar na motsi, ya ga idanu na jiransa. Ya san abin da ake tambaya. Kuma amsar ba ta da wuya: lafiyarsu ƙalau. Wa zai ƙaryata shi? Jirgin nan ya fi shekara arba’in bai motsa ba, an ma tokare ƙafafunsa da katako. Ba fasinja, ba tafiya. Zai faɗa, a tafa, jikoki su je makaranta suna fankama. Ya buɗe baki da niyyar haka. Harshen ne ya ƙi. Shekara talatin da huɗu bai taɓa furta kalmar nan a kan ƙafar da bai ji ba, ashe bakin ma ya koyi aikin.

“’Yata,” ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, “ba zan ce suna lafiya ba, ba zan ce sun tsage ba. Ban ji su ba. Kunnen ya tafi.”

Auta ta sunkuyar da kai. Surukin ya shiga karanta wani allo da ya riga ya karanta.

Tsohon ya dubi mutanen ya ce, “Amma ku kuna da naku. Kowa ya ɗaga hannu. Zan buga, in amo ya ɗauke ku sauke.”

Ya buga. Hannaye ashirin suka tsaya a sama, suka daɗe, sannan suka sauka a hankali, na yara a ƙarshe. Ya bi su da ido har na ƙarshen ya sauka.

“Yaya, Baba?” budurwar ta tambaya a kusa da kunnensa.

“Ku kuka ji, ku za ku faɗa.” Ya miƙa mata gudumar da hannu biyu.

Da sauran suka hau tsohon tarago ɗaukar hoto, shi da Inna suka zauna a benci. Ya daɗe yana kallon takalmansa.

“Ɗazu a mota kin yi magana, na ce to. Me kika ce?”

Inna ta matso, ta ɗaga murya. “Malam, shekara biyu kana cewa to. Daga ina zan fara?”

“Subhanallahi. Me da me na yarda da shi?”

“Ka yarda a ba da tsohon kekenka. Ka yarda ƙanwata ta zo ta yi wata uku. Ka kuma yarda cewa ni ce mai gaskiya a rigimar labulen nan.”

“Wannan kam ban yarda ba!”

“Ka makara, jirgi ya tashi.”

Ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin hannun riga. Sannan ya ce ta fara daga na motar, a hankali, ta kuma juyo yadda zai ga bakinta. Ta juyo.

Ni dai har yau ina juya abin a raina. Jirgin ba inda za shi, ba ran da ke kansa, ba kuma wanda zai taɓa sani. Kai da ka saurara, da gudumar a hannunka take, ga jikokinka na kallo, me za ka ce?