Ranar da Inna Ta Yi Kisa a Falona

Tun da aka sayar da gonarmu ta Maje aka yanka ta filoti-filoti, na ɗauko Inna, mahaifiyata, ta dawo wurina Suleja. Sai ta rufe baki. Matar da ake korar yara daga gindinta saboda tatsuniya, ta koma daga "sannu" sai "na ƙoshi". Abin ya dame ni ƙwarai, don gani nake kullum tana raguwa.

'Yata da ke aiki a Abuja ce ta zo da wani wasa. Wai a taru a ci abinci, a ce an kashe wani, kowa a ba shi matsayi a ɓoye, a yi ta tuhumar juna har a gano mai laifi. Na ce mata, ke, abin da kike koyowa ke nan? Ta ce a kan labarin Inna ta gina shi, na fatalwar rafin Maje, mai roƙon a taya ta ɗora tulu, wanda ya taya kuwa ba ya kwana.

Rigimar farko, ba wanda ya yarda ya zama gawa. Maigidana ya ce shi ba zai yi wa kansa baki ba. Dole matashin kai muka sa wa babbar riga, muka ce shi ne manomin da aka kashe.

Bayan magariba muka zauna kan tuwon shinkafa, mu da maƙwabta. 'Yata ta raɗa wa kowa nasa matsayin. Da aka zo kan Inna a tambaye ta inda take lokacin da manomin ya mutu, na yi zaton za ta kawar da kai. Sai ta ajiye loma. Ta ce ita da idonta ta ga mai tulu, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta kwaikwayi muryarta har tsigar jikina ta tashi. Ƙarya take shararawa, wallahi ko ƙifta ido babu.

Amma ta yi tuntuɓen baki sau biyu, kowa ya gane ita ce mai kisan. To wa zai nuna ta? Maigidana, saboda kunyar suruka, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai yana zargin fatalwar. Ni ma na bi bayansa.

Maƙwabciyarmu 'yar Kudu, mai shagon atamfa, ita ce ta miƙe da Hausarta mai gargada ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ke ce kika kashe shi."

Inna ta dube ta, ta dubi surukinta, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ni ce, 'yar nan. Ke kaɗai ce mai gaskiya a ɗakin nan." Ta juyo wurina. "Ƙaro mini miya. Kuma ku zauna, ai ba ku ji asalin yadda mai tulun ta faɗa rafin ba."

Na shiga kicin riƙe da kwano, ina jin muryar uwata ta cika gidana, na tsaya na share idona kafin na zuba miyar.